Kwalin Kimiyya ko Akwatin Kayan Aiki: Lissafin da Na Yi wa Ɗan Addata

Addata ta shigo gidana a Yelwa wata Asabar bayan la'asar, ko mayafi ba ta ajiye ba ta miƙo min takarda. "Malam, duba min wannan, kai ne ɗan bokon gidan." Takardar ɗanta na fari ce. Likitanci ya nema, makin JAMB bai kai ba, sai aka tura shi Maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Uban yaron, mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, ya ce shi ba zai zuba kuɗin shekara huɗu a kan abin da ko sunansa bai iya faɗa ba, gara ya kai shi wajen wani abokinsa mai haɗa sola. Ita kuma ta rantse ɗanta ba zai ƙare a kan kwanon gidajen mutane yana jan waya ba, alhali 'ya'yan maƙwabta suna jami'a.

Ni Kemistiri na karanta, kuma alli nake riƙe da shi yau shekara goma sha uku. Don haka ta ɗauka a bayanta zan tsaya. Sai na ce a ba ni mako guda. Abin da zan rubuta a nan shi ne lissafin da na yi a wannan makon, domin na san a Bauchi da Gombe gidajen da ake wannan rigimar ba su ƙirguwa.

Kuskuren farko da muke yi shi ne ɗaukar "digirin kimiyya" kamar abu guda. Ba haka ba ne. Akwai digirin da ke ƙarewa da lasisi, akwai wanda ke ƙarewa da kwali kawai. Likita, mai harhaɗa magunguna, ma'aikaciyar jinya, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gwajin jini, kowannensu akwai hukumar da ke yi masa rajista, kuma doka ta hana wanda ba shi da wannan rajistar taɓa aikin. Injiniya ma yana da tasa hukumar rajistar, COREN. Wannan katangar ita ce darajar kwalinsu, domin ba kowa ke tsallaka ta ya yi gogayya da su ba. Duk wanda ya samu gurbi a irin waɗannan, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ne, a Jami'ar Jihar Gombe ne, ko a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021, kuma gida na iya ɗaukar nauyinsa, ba ni da wata magana da shi illa ya riƙe da hannu biyu.

Rigimar tana wajen sauran: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Bayokemistiri, ilimin tsirrai, ilimin dabbobi, da shi wannan Maikurobayoloji. Su ne kwasa-kwasan da ake zuba yaran da suka nemi likitanci suka rasa. Yaro ya karɓa don kada ya zauna a gida, iyaye su yi murna don sun ji sunan yana kama da na asibiti. Addata da bakinta ta ce min, "To ai ko bai zama likita ba, zai yi aiki a ɗakin gwajin jini." Nan na fara ɓata mata rai. Ɗakin gwaje-gwaje na asibiti aikin masu digirin kimiyyar gwajin lafiya ne, karatun shekara 5 da shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan rajista da hukumarsu ta MLSCN. Wanda ya karanta Maikurobayoloji ko Bayokemistiri, ko ya fito da sakamako mafi daraja, ba shi da hurumin sa hannu a takardar gwajin mara lafiya. Na san mutum uku a ajinmu da sai a aji uku suka fahimci haka. Ɗaya ta koma ta sake rubuta JAMB, biyu suka ce aikin gama ya gama.

To ina irinmu ke zuwa in mun gama? Mafi yawa aji muke shiga. Ba laifi ba ne, ni ma da shi nake ci da iyalina, kuma makarantunmu na ƙauye suna kukan rashin malamin Fiziks da Lissafi. Amma a san cewa ko nan ɗin sai ka ƙara difilomar koyarwa ta PGDE ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN kafin a kira ka cikakken malami, kuma in ba ka dace da gurbin gwamnati ba, makarantar kuɗi ce za ta ɗauke ka. Wadda na fara koyarwa a cikinta tana biyan albashi ne in iyaye sun biya kuɗin makaranta, watan hutu kuwa babu ko sisi. Sauran ƙofofin su ne banki, ƙungiyoyin agaji, aikin kaki, da 'yan masana'antun da muke da su: kamfanin siminti na Ashaka, injinan casar shinkafa da matsar man gyaɗa na Gombe, da masu ruwan leda da ke buƙatar mai takardar kimiyya don cika sharaɗin NAFDAC. Duk ka tara su, ba su kai su haɗiye ɗaliban da ATBU da jami'o'in Gaɗau da Kashere da Jami'ar Jihar Gombe ke yayewa kowace shekara ba. Iyayenmu sun ga lokacin da kamfanin Steyr ke harhaɗa tarakta da manyan motoci a nan Bauchi. Mu labari muka tarar. Da aka ƙaddamar da aikin haƙo man fetur na Kolmani a iyakar Alkaleri da Gombe a watan Nuwamban 2022, yara da yawa sun yi ta cike Jiyoloji da Kemistiri, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, ba kuma a kansa zan ɗora rayuwar ɗan Addata ba.

Sai batun lokaci. A takarda shekara 4 ne, injiniyanci 5, likitanci 6. A zahiri kuwa yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya tashi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ƙara da jiran kiran bautar ƙasa da ita shekarar kanta. Alawus ɗin bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025, ya ɗan haura mafi ƙarancin albashi na 70,000, kuma da yawa daga ɗalibaina wannan ne kuɗi mafi kauri da suka taɓa karɓa a kai a kai. Ranar da aka ba su takardar sallama, ranar famfon ke ƙafewa. Gaskiya ne bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya sauƙaƙa wa iyaye, yana biyan kuɗin rajista ya kuma ba ɗalibi 20,000 a wata. Amma sunansa bashi, kuma ana fara neman biya shekara 2 bayan bautar ƙasa.

Akwai abin da ya fi wannan ci min rai, shi ne abin da ke shiga hannu. A jami'ar da na yi, ranar gwaji mu kusan tamanin muke taruwa a kan kayan awo da ba su wuce shida ba. Mutum ɗaya ya ɗiga ruwan, launi ya sauya, sauran mu kwafi lambar da ya faɗa. Na'urori masu tsada kuwa a littafi muka san su, muna iya zana su da ka, ba mu taɓa kunna su ba. Na fito na san dalilin abubuwa da yawa, amma babu abu ɗaya da zan yi da hannuna a ba ni kuɗi a ranar.

Ranar da na faɗi wannan a gabansu sai uban yaron ya gyara zama, ya ɗauka ya ci shari'a. Na ce Alhaji dakata, naka ɓangaren ma sai an zazzage shi.

Ƙarfin sana'a a fili yake. Yaron da ya shiga gareji ko shagon walda yana da shekara 18, cikin 'yan watanni ya fara samun na sabulu da na Keke Napep, bayan shekara 3 ko 4 a yaye shi. Lokacin da sa'ansa ke yawo da ambulan mai ruwan ƙasa ofis-ofis, shi yana da kwastomomi, wataƙila har da yara biyu a ƙarƙashinsa. Ba ya neman ɗan majalisa ya rubuta masa wasiƙa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya gagari mutane, aikin sola ya buɗe. Duhun da aka sha a Gombe a 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, ya ƙara tura masu shaguna da masu chemis wajen masu haɗa inbata. Mai sa tayil, mai fiyofi, mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, filamba da ya san aikinsa, duk sai ka yi ta bin su da waya kafin su zo.

Amma ba kowace sana'a ce haka ba. Je ka Wunti ka ƙirga masu gyaran waya, ko ka ƙirga shagunan ɗinki da na aski a layi ɗaya na unguwar Jahun. Sana'ar da ake koyo a wata uku, kowa ma zai iya koyonta a wata uku, sai a taru ana karya wa juna farashi. Tela yana ganin kuɗi a watan azumi da gabanin babbar Sallah, sauran watanni sai ƙananan gyare-gyare. Magini da mai fenti suna kallon sama in damina ta kankama. Mai walda in babu wuta babu aiki, in ya tayar da janareto riba ta tafi gidan mai.

Sannan ga jari, wanda shi ne kabarin yawancin yaran da aka yaye. An yi walima, an yi addu'a, oga ya sa albarka, amma babu kuɗin shago, babu injin, babu kayan aiki. Sai yaro ya koma wajen ogan yana aikin lada, ko ya karɓi babur ya shiga acaɓa. Duk uban da ke cewa sana'a ta fi jami'a arha, ya tuna kuɗin da bai kashe a farko ba yana jiransa a ƙarshe, kuma a dunƙule. Shi kansa ogan ma sa'a ne. Akwai mai koyarwa tsakani da Allah, akwai wanda zai shekara biyu yana aiken yaro sayen abinci da wankin mota, in an zo wurin da sirrin aikin yake sai ya ce je ka sayo min ruwa. Ga jiki kuma. Idon mai walda, bayan birkila, huhun mai fenti, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Ma'aikacin gwamnati da ya shiga da digiri a mataki na 8, ko albashin bai taka kara ya karya ba, yana hawa a hankali, yana kwance a asibiti ma ana biyansa. Ranar da mai sana'a ya kwanta, tukunyar gidansa ta kwanta tare da shi.

A cikin makon na je na ga shi abokin Alhajin, mai sola. Na same su a wani gida a Fadaman Mada, an kira su gyaran aikin da wani ya yi. Maigidan yana ta faɗa, wai an sayar masa da batir na jabu, ƙarfe ɗayan dare wuta ke mutuwa. Ogan mutumin kirki ne, hannunsa na da tsafta, ka ga yadda ya jera wayoyi sai ka ce zane. Ya duba ya ce a ƙara batir kawai. Na tambaye shi guda nawa, ya ce, "Malam, irin wannan gidan biyu muke sa wa." Na ce me ya sa biyu? Ya yi dariya ya ce haka ya taras ana yi.

Na ɗauki biro a bayan kwalin inbata muka yi lissafi. Ƙwan fitila 6 masu wat 10, wat 60 ke nan. Fanka 2 masu wat 60, 120. Talabijin wat 80. Jimla 260. A kunna su awa 8, wato 260 sau 8, ana neman wat-awa 2,080. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda (12 sau 200), amma irin na ruwa in kana so ya yi ƙarko rabi kawai za ka sha, wato 1,200. Ka ga batir ɗaya ba jabu ba ne, kaya aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Biyun da ogan ya faɗa daidai ne. Sai dai muna cikin haka uwargida ta leƙo ta ce ai da firiza ma a kicin, da ita suke kwana. Nan ƙiyasin "irin wannan gidan" ya rushe, domin firiza tana fizgar wuta ninki-ninki lokacin tashi, kuma inbatar kanta da kaurin wayar sai an sake duba su. Ɗan Addata, da ya raka ni, shi ya ƙarasa lissafin a wayarsa kafin in gama magana. Fiziks ɗin aji biyar na sakandare ne, ba wani abu ba. Ogan ya kalle shi ya ce, "Wannan yaron ku ba ni shi."

A wannan tsakar gidan na ga abin da nake nema. Ogan yana da hannu, ba shi da dalili, shi ya sa aikin gida yake iya karɓa amma ba zai tunkari na asibiti ko na rijiyar burtsatse mai babban famfo ba. Ni ina da dalili, ba ni da hannu, in ka ba ni filaya sai in ji wa kaina ciwo. Kuɗin yana wurin wanda ya haɗa biyun. Haka abin yake a gareji yanzu: motocin zamani da kwamfuta ake duba su, makanikin da ba ya iya karanta abin da na'urar ta nuna sai canza kaya yake ta yi har aljihun mai mota ya huje. Haka kuma ta ɗaya gefen. Wani da muka yi jami'a tare, Jiyoloji ya karanta, bai taɓa aikin ofis ba. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, ruwa a tsagogin dutsen yake ɓuya, in aka haƙa burtsatse da ka sai a yi asarar miliyoyi a ramin da babu ɗigo. Shi da na'urar awon ƙasa yake yawo yana nuna inda za a haƙa, har yankunan Gombe da ruwansu ke da nisan gaske ana kiransa. Digiri ne, amma ya mayar da shi sana'a.

Tsakanin jami'a da shagon oga akwai hanyoyin da muke rainawa. Kwalejin fasaha irin ta Gumau tana ba yaro sana'a da takardar NABTEB, wato jarrabawar kammala makarantun fasaha, kuma da wannan takardar ana iya neman gurbi ta JAMB kamar mai WAEC. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da ɗan tallafi na wata-wata ga masu shiga shirinta na koyon sana'a. Wanda ya koya wajen oga yana iya zuwa ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ya samu shaidar da kamfani zai duba. Ga kuma foli: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji tun 1979, da ta Tatari Ali, da ta Kaltungo. Shekara 2 ka karɓi ƙaramar difiloma ta ND, ka yi shekarar aiki, sannan ko ka dawo babbar difiloma ta HND ko ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Aibinta sananne ne, bambancin da ake nuna wa mai HND a aikin gwamnati. Majalisa ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, ba a sa masa hannu ba. Wanda burinsa kujerar darakta ce ya sa wannan a lissafi. Wanda burinsa kamfanin kansa ne, babu kwastoman da zai tambaye shi.

Ga 'ya'ya mata lissafin ya ɗan bambanta, don aure yakan zo a tsakiyar karatu, kuma ba kowane miji ke barin mace ta tafi aiki wani gari ba. Yarinyar da ta yi jinya, ungozoma, ko kiwon lafiyar al'umma a Ningi ko Kaltungo, duk ƙauyen da aure ya kai ta akwai asibitin da ke nemanta, mata kuma sun fi sakin jiki da mace. In aka ba ni zaɓi tsakanin wannan da digirin ilimin dabbobi da ba ita ta nema ba, ba na dogon tunani.

Abin da ke cin Addata kuwa ba kuɗi ba ne, kuma na fahimce ta. Mun taso a inda ƙira da jima da fawa gadon wasu gidaje ne, ɗan boko kuma shi ne mai farar riga. In aka je neman aure, "ma'aikaci ne" ya fi "mai gyara ne" daɗin faɗa, ko da mai gyaran ne ke ranta wa ma'aikacin kuɗi kafin ƙarshen wata. Wannan tunanin yana sassautawa, amma bai mutu ba, kuma yaron da aka tura sana'a yana jin an yar da shi ne ba zai yi ta da zuciya ɗaya ba. Haka nan ban yarda a hana kowa tsantsar kimiyya ba. Akwai yaron da Lissafi ko Fiziks ke gudana a jininsa, wanda zai fito a sahun gaba, ya yi digiri na biyu da na uku, ya koyar a jami'a ko ya samu tallafin karatu zuwa waje. Irin wannan in ka kai shi gareji ka zalunce shi, ka zalunci al'umma. Sai dai a aji mai mutum ɗari ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ana gane su tun a sakandare: su ne masu tambayar da malami zai ce sai gobe.

Wasu za su ce to a haɗa biyun mana, jami'a da safe, shago da yamma. Ana yi, na ga waɗanda suka yi. Amma ba a tauna taura biyu sai ɗaya ta fi ɗaya laushi. Mai karatun likitanci ko injiniyanci ba shi da wannan sararin. Ya fi yiwuwa in karatun da sana'ar jirgi ɗaya ya ɗauko su, abin da aka zana a allo da safe shi za a taɓa da hannu da yamma.

Da Asabar ta zagayo na tara su. Na tambayi yaron a gaban iyayensa, in aka cire sunan jami'a da rigar leb, yana son ƙwayoyin cutar nan? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni ko a sakandare Bayoloji haddacewa kawai nake yi." Na ce likitancin fa? Ya ce Umma ce ke so. Addata ta harare shi, ta harare ni. Na ce wa Alhaji shi ma ba za a miƙa yaro mai kiredit a Lissafi da Fiziks ga oga hannu rabbana ba, a bar shi ba takarda. Shawarata ita ce ya sauya zuwa foli ya yi ND a injiniyancin lantarki, ranakun da babu lacca da duk hutu yana wajen mai sola, Alhaji kuma ya fara ajiye wani abu duk kaka da sunan kayan aiki, kada ranar yaye ta zo a yi ta kallon juna. In ya gama ND yana son digirin, ƙofar aji biyu a buɗe take, kuma lokacin da kuɗinsa zai biya.

Yanzu yana zango na biyu. Watan jiya shi da ogan suka sa min fanel biyu a kan ɗakina, ya hau kwano da tsumma yana nuna min yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin caji, ya ce in riƙa sa yara suna gogewa duk mako. Na ba shi kuɗin aiki ya ƙi karɓa, ogan ya karɓa. Addata kuwa har yau in an tambaye ta a gidan biki me ɗanta yake yi, injiniya take cewa, maganar hawa kwano ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba.